Garwa, Marwa, Ngaundare ko Njamena: ina budurwa za ta sauke akwatinta?

A 'yan shekarun nan, duk yarinyar da ta gama makaranta a garuruwanmu na gefe a arewacin Kamaru, Gider ne ko Figil ko Pitowa, zancenta ɗaya ne: tashi. Wata ta karɓi takardar jinya, wata ta ƙware a ɗinki har keken gida ya yi mata kaɗan, wata kuma aure ne ya mutu tana da shekara 24, zaman ɗakin inna ya ishe ta. Tambayar da suke aiko mini ba ta canzawa: "Yaya, wane gari ya fi?" Na yi shekara huɗu a Ngaundare, biyu a Marwa, yanzu ina Garwa, Njamena kuma ina da 'yar gwaggo da nake sauka wurinta. Ga abin da idona ya gani.

Bari in fara da abin da ba a faɗa wa yara mata sai sun je. Ranar da na fara neman ɗaki a Marwa, na tarar da wani dattijo a kan tabarma ƙarƙashin dalbejiya, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, an ce akwai ɗakin haya." Ya ce, "Akwai. Ina maigidan naki?" Na ce ni kaɗai ce, aiki ya kawo ni. Ya dube ni tun daga ɗankwali har silifa, ya ja carbinsa sau biyu, sannan ya ce, "'Yata, yanzu na tuna, an riga an kama." Gida uku na shiga a ranar, amsa ɗaya. Kashegari wani aminin kawuna ya sa babbar riga ya raka ni gida na huɗu. Abin da ya faɗa bai wuce wannan ba: "Alhaji, 'yar ƙanena ce. Ni ne ubanta a garin nan, in ta yi ba daidai ba ni za ka nema." Kafin la'asar mabuɗi yana hannuna.

Kin san abin da Bahaushe ke nufi in ya ce mace tana zaman kanta. Wannan kalma tana bin ki duk inda kika je, sai dai nauyinta ya bambanta daga gari zuwa gari, daga unguwa zuwa unguwa. Da wannan mudu nake auna garuruwan nan kafin in zo kan albashi: wa zai tsaya miki, kuma unguwar ta saba ganin irinki ko ba ta saba ba.

Ta wannan fuska Ngaundare ce kan gaba, kuma dalilin a fili yake. Tun 1993 akwai jami'a a Dang, kimanin kilomita 15 daga cikin gari a kan hanyar Garwa. Sama da shekara talatin ke nan 'yan mata daga kudu, daga arewa, har daga Cadi, suna kama ɗaki su kaɗai a gidajen ɗalibai da ake kira minisite. Mai gida a can ba ya tambayar miji, kuɗin wata nawa za ki ba da tun farko shi ne damuwarsa. Ga kuma jirgin ƙasa: nan ne ƙarshen layin dogon da ya taso daga Yawunde, ki shiga da yamma ki wayi gari a babban birni. Garin da baƙi ke sauka kullum, ba a cika tsare baƙuwa da ido ba. Ga mai sana'ar saro kaya wannan babbar dama ce, don kayan kudu a tashar jirgin ake sauke su kafin manyan motoci su gangara da su arewa.

Sai yanayi. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,000, saboda haka ana kwana da bargo a lokacin da mutanen Garwa ke jiƙa zane suna lulluɓa. Nama da nono da piya da dankalin turawa ba sa wuyar samu. Amma damina doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba, jar ƙasa ta ci miki farin takalmi. Duba rufin ɗaki da gindin bango kafin ki biya. In kin ga kore-kore a ƙasan bango, katifarki ma haka za ta koma. Wani abin kuma da ya kamata ki sani: Dang daban, cikin gari daban. In aikinki yana kusa da babbar kasuwa kika kama ɗaki a Dang don arha, kuɗin mota na kullum zai cinye ribar, kuma dawowar dare a kan wannan hanya ba abin so ba ce. Unguwannin cikin gari irin Sabongari da Tongo akwai Hausawa da yawa, za ki ji yarenki a bakin famfo, amma can tambayar "'yar gidan wa?" tana nan da ranta. Matsalar Ngaundare ita ce aikin albashi. Masu takarda sun yi yawa, kowace shekara jami'a tana ƙara fitar da wasu, guraben kuwa ba su ƙaru haka ba.

Garwa ta fi ta kuɗi a hannun mutane. Nan ne babban ofishin Sodecoton, kamfanin auduga da arewa ta dogara da shi, ga ofisoshin jihar Arewa, ga bankuna, ga filin jirgin sama, ga jami'ar da aka kafa a 2022. Wasan kofin Afirka da aka buga a filin Rumde Ajiya farkon 2022 ya bar wa garin tituna da fitilu da otal-otal. Mai ɗinki ko ƙunshi ko girkin biki, in hannunta na da kyau, ba za ta zauna banza a Garwa ba, don matan garin suna kashe kuɗi a kan biki, ba sa wasa da anko. Kifin Binuwai kuma sai wanda ya ci.

Amma zafin Garwa sai an zauna an yi maganarsa, domin mace mai zama ita kaɗai ta fi kowa jinsa. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni yana haura 40. Wutar jihohin arewa uku mafi yawanta daga dam ɗin Lagdo take zuwa, wanda aka gama a 1982, kuma in ruwa ya ja baya a tafkin sai a shiga rabon wuta, daidai lokacin da ake buƙatar fanka. An ƙara tashoshin hasken rana a Gider da Marwa, an samu sauƙi, amma har yanzu ana ɗaukewa. To, in wuta ta tafi da dare, magidanta su fito da tabarmi tsakar gida, samari su haye bencin ƙofar gida. Ke fa? A gidan haya mai ɗaki takwas, rabi na gwauraye, ba za ki shimfiɗa tabarma a waje ba. Na yi wani Afrilu ina kwana a kan siminti, ƙofa a kulle, bokitin ruwa a gefena, ina tsoma zane ina shafawa har asuba. Tun daga nan na koyi darasi: a Garwa ki nemi gidan da mata suka fi yawa, ko wanda uwar gida take zaune a ciki, ko ɗaki mai ɗan shirayi da katangarsa. Ko da ya fi tsada da jaka biyu ko uku, biya.

Garwa garin sanayya ne. Kafin ki yi wata guda an san ko ke 'yar wa ce, an san mai mashin ɗin da ke kawo ki. In kina da dangi a Yalwa ko Fulɓere ko Marware, wannan sanayya rufin asiri ce: ki yi zazzaɓi, kafin azahar an kawo kunu. In ba ki da kowa, ita ce za ta dame ki. Ni na zaɓi Garwa ne don inna ba ta da nisa, ranar Asabar na je na dawo.

Marwa kuwa ina sonta, ba zan ɓoye ba. Inuwar dalbejiya a manyan tituna, busasshen rafin Kaliyawo da ke raba gari wanda yara ke ƙwallo a cikinsa da rani, dukawa da masu jima a kasuwar sana'ar hannu, gasasshen kifi a Domayo da dare. Abinci da haya sun fi sauƙi a kan sauran. Jami'ar da aka kafa a 2008, da babbar makarantar horon malamai, sun kawo gidajen ɗalibai, kuma tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo kusa da Mokolo a 2013, ƙungiyoyin agaji suka cika garin da ofisoshi. Yarinyar da ke jin Faransanci da Fillanci da Hausa, in ta haɗa da Turanci ko Kanuri, ana nemanta. Sai dai aikin agaji na kwantiragi ne, wata shida, shekara ɗaya, in kuɗin masu ba da tallafi ya ƙare shi ke nan. Kada ki sayi firji da kujeru a kan albashin wata uku.

Maganar tsaro ita ce za ta sa baba ya ce a'a. A Yulin 2015 an tayar da bama-bamai a cikin Marwa, kuma a watan ne aka hana sa niƙabi a jihar Arewa Mai Nisa, kamar yadda Cadi ta yi wata guda kafin nan. Cikin gari ya lafa tun tuni, ana harkoki, amma yankunan iyaka wajen Mora da Kolofata har yanzu ba a saki jiki ba. In aikin da aka ba ki na fita ƙauyuka ne, tambayi wane yanki, da wace mota, kuma ƙarfe nawa ake dawowa. Katin ɗan ƙasa kada ya bar jakarki.

Njamena ita ce mai ruɗin 'yan mata. Babban birnin Cadi ne, ga ofisoshin jakadanci, ga kuɗin man fetur da ya fara shigowa tun 2003, ana jin labarin albashin da ya ninka na gida. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Haya a can tana da tsada ƙwarai, wuta ba ta tsayawa, yawancin kayan masarufi daga Kamaru ake tsallako da su don haka farashinsu ya hau. Yaren kasuwa Larabcin Cadi ne. Fillancin da ya kai ki ko'ina daga Ngaundare zuwa Marwa, a nan ba zai saya miki tumatir ba. Kuɗin dai sefa ne iri ɗaya, amma da riyal suke lissafi, riyal ɗaya sefa 5, kamar dalarmu. Ranar farko a kasuwar Dembe mai albasa ta ce mini "miya", wato ɗari da Larabci, na miƙa mata sefa 100, ta bushe da dariya: 500 take nufi. Layin wayarki ma sai kin canza, MTN da Orange sun tsaya a bakin kogi, can Airtel da Moov ne. Kuma ki tambayi tarihin unguwa da ruwa, don ambaliyar 2022 ta shanye gidaje a Waliya da kewayenta. Shawarata a kan Njamena gajeriya ce: kada ki je neman aiki, ki je in aiki ya kira ki da takarda a hannu, kuma akwai gidan dangi da za ki yi wata uku na farko.

Wasu kan yi dabara su zauna a Kusiri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi daga Njamena, su riƙa tsallaka gadar Ngeli kowace safiya. Haya ta fi sauƙi, gaskiya ne. Amma iyaka ce, ana rufe ta da dare, kuma a 2020 lokacin korona an rufe ta fiye da shekara. Hanyar Kusiri zuwa Marwa ta Waza, kilomita wajen 260, in kin bi ta sau ɗaya ba za ki yi ɗokin zuwa gida kowane wata ba.

Yawunde da Duwala ban sa su a wannan awo ba. Akwai Hausawa fal a unguwannin Birketeri da Niyu Bel, amma wannan tafiya ce ta wadda ta riga ta gwada ƙafarta a kusa.

Yanzu lissafi. A 2023 an tsayar da mafi ƙarancin albashi a kamfanonin Kamaru, ban da na noma, a kan sefa 60,000 a wata, kuma shaguna da ƙananan asibitoci da makarantun kuɗi da yawa ba sa kai wannan. Ɗauki albashin da aka yi miki alkawari, cire haya, cire kuɗin mashin zuwa da dawowa na kwana 26, cire ruwa da wuta da gas ko gawayi, cire abin da za ki tura wa inna, don za ki tura. Abin da ya rage shi ne albashinki na gaskiya, kuma da shi za ki gwada gari da gari. Mashin shi ne ɓarawon da ba a gani. Ɗaki mai tsada da ƙafa ke kai ki wurin aiki ya fi mai arha da sai kin hau sau biyu. Masu gida kuma suna son kuɗin watanni a dunƙule, ga na dillali. Karɓi rasit a rubuce ko da mai gidan limami ne.

In aka matsa mini in yanke, ga yadda nake raba su. Wadda ba ta da kowa a ko'ina, ko za ta haɗa karatu da 'yar sana'a, Ngaundare. Mai sana'ar hannu ko aikin ofis da ke da dangi, Garwa. Mai yaruka da yawa da ƙaramin jari, Marwa. Kowanne kika zaɓa, je ki kwana bakwai tukuna, a lokacinsa mafi muni: Garwa a Afrilu, Ngaundare a Agusta. Ki je ganin ɗakin bayan magariba, ki ga ko akwai fitila a lungun, su wa ke zama a ƙofar gida, banɗakin na mutum nawa ne kuma yana da sakata ko babu. Ki tsaya bakin famfo ki tambayi wata mata, ba dillali ba, sau nawa ruwa ke zuwa a mako. In kin tare, ki sa wani babba ya kai ki gaida jauro ko mai unguwa, ki shiga adashin matan layin ko da na jaka ɗaya ne.

Ƙanwata ta wajen kawu ta yi wata biyu tana juya maganar nan, ranta yana Njamena. Da muka zauna muka buga lissafin a bayan wata tsohuwar takarda, sai ta yi shiru. Watan jiya ta kama ɗaki a Ngaundare, gidan wata hajiya mai sayar da fura da nono, ƙofarta tana kallon ta hajiyar. Shekaranjiya ta kira ni da sassafe, haƙoranta na kaɗawa, tana tambayar inda ake samun bargo mai arha. Na tura ta ƙaramar kasuwa, wajen 'yan gwanjo, na ce kada ta biya kuɗin farko da aka faɗa mata.