Yaris, 206 ko Swift: wadda ta fi riƙe kuɗinta, da abin da ya faru bayan Dogon Dutsi

Wanda ya shiga wurin ƴan sayar da motoci a Yamai da kuɗin da bai kai na Corolla mai lafiya ba, ƙananan nan marasa jela za a jera masa: Toyota Yaris, Peugeot 206, Suzuki Swift, wani lokaci da Hyundai i10 a gefe. Na riƙe 206 mai inji 1.4 shekara uku, yanzu Yaris ta 2008 ce a hannuna, inji 1.3, bwat (akwatin giya) na hannu. Swift kuma akwai ta a gidanmu, ina tuƙa ta sau da yawa. Don haka ba ji-ta-ji-ta zan kawo muku ba.

Abin da ya fara ja na wurin Yaris sarƙa ce. Injinta na 1.3, da ma ƙaramin 1.0 mai silinda uku, sarƙar ƙarfe ke haɗa samansa da ƙasansa. Na 206 kuruwar roba ce, kuma in ta tsinke ana cikin tafiya fistan na dukan supap (bawul ɗin inji), sai buɗe inji. Mai 206 da ke son barci da ido biyu a rufe ba ya barin kuruwa ta wuce kilomita 60,000 a wannan zafi da ƙura namu, kuma ranar canji sai ya haɗa da galen da ke ɗaure ta da famfon ruwa, tunda duk layinsu ɗaya. Sarƙa ba ta neman wannan hidima. Buƙatarta a juye baƙin mai kowane kilomita 5,000, a sa tace sabo, shi ke nan.

Sai shan mai. Yamai zuwa Tawa kilomita 550 ne ko kusa da haka, ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, a karkata a Tsernawa. Tankin Yaris lita 42 ne. A gudun 100, kilim a kunne, tana cin lita 6 zuwa 6 da rabi a kilomita 100, wato cikon tanki ɗaya ya kai ka har da ragowa, ba sai ka tsaya wurin ƴan ruwa-ruwa ka zuba abin da ba ka san asalinsa ba. A cikin gari, da cunkoson gadar Kennedy da yamma, tana hawa lita 8. Kujerar baya kuma tana zamewa gaba da baya a kan layi, in ka tura ta gaba buhun shinkafa biyu na shiga ba gardama.

To, yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

Wata biyu da sayen motar, cikin Afrilu, na ɗauki hanyar Tawa da rana tsaka. Har na wuce Dogon Dutsi ba wani abu. Na rage gudu don tudun kwalta na wani ƙauye, na bi bayan wata babbar mota a hankali kamar minti biyar, sai jar fitila ta kama a allo. Na tsaya nan take. Ko kafin in buɗe kai, tururi na fita ta ƙasa. Bayan ta huce na zuba ruwa, ta tashi, amma duk wanda ya leƙa bakin radiyater zai ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana hura shi da tsinke. Juwan kulas, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji (kulas) da gangar jikinsa, ya tafi.

Da aka kwance, abu huɗu aka tarar, kuma ba ko ɗaya da ya fito daga masana'anta haka. Aikin hannun wanda ya shirya motar don sayarwa ne. Gidan termosta wayam, an cire shi. Fanka an ɗauke ta daga rele an haɗa ta kai tsaye da makulli, da siririyar waya da aka murɗe aka naɗe da salatif, wayar ta yi zafi ta ƙone. Marfin radiyater sifirin ɗinsa ya mutu. Shi kansa radiyater, da aka buɗe bakinsa, kusan rabin hanyoyinsa a toshe suke da farin dutsen ruwan famfo da garin nan da ake zubawa don toshe yoyo.

Ga yadda suka haɗu suka kashe injin. In mota na gudu, iskar hanya ce ke sanyaya radiyater, fanka ba ta da wani aiki sosai. Shi ya sa kusan kilomita 300 ba a ga komai ba, duk da cewa rabin radiyater ne ke aiki kuma ruwan na daf da tafasa. Marfi mai lafiya yana riƙe matsi wajen bar 1.1, wanda ke sa ruwa ba ya tafasa sai ya kusa digiri 120. Mataccen marfi kuwa da an kai 100 sai ruwa ya fara ficewa ta tiyon gora, kaɗan-kaɗan, ba ka sani ba. Da gudu ya ragu, iska ta yanke, fankar da ya kamata ta karɓa ta riga ta mutu. Ruwan da ya rage ya tafasa. Kuma in ruwa ya sauka ƙasa da na'urar auna zafi, tururi take ji, ba ta ba da labari da wuri. Lokacin da fitila ta kama, kulas na alminiyom ya riga ya lanƙwashe.

Wannan ɗabi'a ta cire termosta tana ba ni haushi, domin da yawa daga cikin masu gyaranmu sun ɗauke ta hikima. Za su ce maka na ƙasar Turawa ne, mu nan ba mu da ƙanƙara. Ba haka ba ne. Termosta na buɗewa ne a wajen digiri 82, aikinsa ya kai inji zafin aikinsa da sauri ya riƙe shi a nan. In babu shi, da safe inji na daɗewa a sanyi, kwamfutar mota na ta ƙara masa mai, shan mai ya hau, bujiya ta yi baƙi. Sannan a irin waɗannan injina, bayan termosta ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi radiyater ba. Ka cire shi, wani ɓangare na ruwan zafi ya riƙa komawa inji kai tsaye. Wanda ya cire shi ɓoye ciwo ya yi, ciwon kuma radiyater ne da ya toshe.

Gyaran bai da gajeriyar hanya. An sauke kulas, an ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe an auna, lanƙwasar da ta kai kaurin gashin kai ma ta wuce ƙa'ida, tawa ta wuce haka, sai da aka kai shi inji aka goge. Juwan sabo, ba a shafa masa gam. Kusoshin kulas ana ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, da makullin da ke auna ƙarfi, ba da bututu da ƙarfin damtse ba. Na tsaya a kan wannan har sai da aka aro makullin daga wani gareji. Radiyater sabo, termosta, marfi, an mayar da fanka kan rele da fizibil ɗinta. An wanke cikin inji da ruwa sau uku har ya fito fari, sannan aka zuba ruwan sanyaya inji mai launin hoda, wajen lita 5, aka bar ta tana aiki da marfi a buɗe har iska ta gama fita, fanka ta kama ta saki da kanta sau biyu. An juye baƙin mai ma, tunda ruwa ya taɓa shi. Abin da na kashe ya kusa kai ratar da ke tsakanin kuɗin Yaris da na 206 a kasuwa.

A nan ne ra'ayina ya fara rawa. Wannan samfurin na Yaris ba shi da allurar zafi. Fitila biyu ce kawai: ɗaya in inji na da sanyi, ja in ya wuce kima. Tsakaninsu kana cikin duhu. 206 da na bari tana da allura, da ita nake riƙe da na ga tana hawa tun daga Doso na tsaya na duba. Kuma gaskiya 206 ta fi daɗin zama a hanyar jar ƙasa mai ƙunya-ƙunya, tana shanye rami yadda Yaris ba ta iyawa. Tankinta lita 50. Kuɗin sayenta ƙasa yake sosai, kayanta na kwance jibge wurin ƴan feray (masu tsofaffin kayan mota) da kasuwar Katako, kuma babu makanike a ƙasar nan da bai taso a kan Peugeot ba. Akwai makon da na yi ina cewa da na sani.

Sai na tuna ƙafar baya. Duk mai 206 ya san wannan ciwo. Hannun da ke riƙe tayar baya yana juyawa ne a kan ƴan ƙananan rulma masu allurai, roba ce ke kare su. Robar ta bushe, ruwan damina da yashi su shiga, alluran su cinye sandar da suke kai. Ka tsaya bayan motar ka ga saman tayoyi ya kwanto ciki, sai ƙara kamar ana taka busasshen kara, daga nan taya ta fara gogar jiki. In sanda ta ciwu canza rulma kaɗai ba ya magani, sai an sake duka ƙafar, ta feray kuma sau da yawa ita ma tana kan hanya. Ƙara da na'urar bayan sitiyari da ke riƙe sigina da fitilu a samfurin 2001 zuwa sama, wadda in ta tsufa sigina ke kamawa da kanta. Ba ranar da 206 ta taɓa zubar da ni a daji, amma ba watan da ba ta karɓi wani abu a aljihuna ba.

Swift ta 2005 zuwa 2010 mai inji 1.3 ita ma sarƙa ce, doki 92, ta fi sauran biyun kuzari da daɗin sitiyari. Bayanta dai ƙarami ne ƙwarai, jakar tafiya biyu ya cika, kuma ƙafarta tauri gare ta. Abin dubawa a jikinta bwat ne: ka tayar da ita a tsaye, in kana jin gurnani wanda ke ɗaukewa da zarar ka taka ambireyaj (kulochi), rulmar cikin bwat ce ta fara. Kayanta ba sa samuwa kamar na Toyota, abu kaɗan sai a ce a jira daga Lome ko Kano. i10 kuwa ta kai yara makaranta da zuwa kasuwa ce, tanki lita 35, ban ba kowa shawarar ya ɗora ta kan hanyar Tawa duk wata ba. Tsohuwar Starlet ta ƴan taksi masu jan kai ba ta mutuwa, amma tun 1999 aka daina ƙera ta, samun wadda ba ta yi taksi ba sai dace. Sabuwar Starlet da ta fito a 2020 kuma Suzuki Baleno ce da tambarin Toyota, kuɗinta wani aji ne daban.

Don haka na dawo kan Yaris, amma da sharaɗi. A nemi 1.3, domin 1.0 in aka kunna kilim da mutum huɗu a ciki sai ta riƙa numfashi sama-sama wurin wuce babbar mota. A nemi bwat na hannu. In dillali ya ce otomatik ce, a kalli sandar: in an ga R, N, E da M, babu P, to bwat na hannu ne da aka ɗora wa injin lantarki yana taka ambireyaj, ana ce masa MMT. Yashi da cunkoso na cinye ambireyaj ɗinsa, kuma bayan canji sai an saita shi da kwamfuta, ba kowane gareji ke iyawa ba. Ta Amurka mai inji 1.5 otomatik ɗinta na gaske ne mai giya huɗu, wannan ba laifi. Vitz ita ce Yaris ta Japan, sitiyarinta a dama yake, wadda aka mayar hagu sai an duba aikin sosai.

Tun da aka rufe gadar Gaya ta kan iyakar Benin a 2023 motoci suka koma biyowa ta Lome da Burkina, kuɗi ya hau, kuma ba duk wadda aka ce yanzu ta sauka daga jirgi ce ta sauka ba. Wata ta yi shekaru tana shan ruwan rijiya a maƙwabta, aka wanke ta aka shafa mata mai. Saboda haka, malam, ka je da sassafe kafin a tayar da ita, ka taɓa inji ka tabbatar da sanyi yake. Buɗe marfin radiyater: ruwan ya kasance mai launi, hoda ko kore, ba jan tsatsa ba, ba farin ruwa ba. Juya marfin baƙin mai, in akwai abu kamar madarar da ta kwana, ka yi sallama. Murɗa makulli ba tare da kunna kilim ba, in fanka ta tashi nan take, an haɗa ta kai tsaye. Lura da fitilar sanyin inji, cikin ƴan mintoci ya kamata ta mutu, in ta daɗe, musamman da sanyin hunturu, babu termosta. Bar ta tana aiki rubu'in awa da kilim, ka duba ko kumfa na tasowa a gorar ruwa. Ni duk wannan ban yi ba, fenti da sanyin kilim na tsaya kallo.

Rashin allura kuma na magance shi da ƴar na'urar nan da ake sokawa a ramin kwamfuta ƙarƙashin sitiyari, tana aiko da zafin inji cikin waya. Tun bayan gyara na yi Tawa sau huɗu, lambar na yawo tsakanin 85 da 93, ko a Mayu. Abin da ban samo wa magani ba ƙasa-ƙasan da take: yashin unguwannin bayan gari ya riga ya yage robar ƙarƙashin inji, kuma na ƙi yarda a sa mata kal (abin ƙara tsayi) a ɗaga ta, don na ga yadda hakan ke cinye kardan, sandar da ke juya tayar gaba. In yashi ya yi yawa ina rage iskar taya zuwa bar 1.5, in na hau kwalta in mayar 2.2.