Dormir ko dormirse: ina bambancin?

A Sifaniyanci, ɗan "se" ɗin da ke manne a ƙarshen aikatau yakan sauya ma'ana. Wanda ya yi amfani da "dormir" (yin barci) ya ce "duermo ocho horas" yana maganar barcin ne da tsawonsa, awa 8 cif. Amma "me dormí en el autobús", daga "dormirse", barci ne ya sace shi a cikin bas, ƙila ma har ya wuce inda zai sauka. Na farko yana auna barcin, na biyu yana kama lokacin da ido ya rufe.

Ni a ganina na biyun ya fi wahalar da mai koyo, domin "se" ba ya zama wuri ɗaya, kuma yana sauya siffa bisa ga mai yin barcin: ni "me duermo", kai "te duermes", mu "nos dormimos".