IL-21 ɗin da na siyo, ga yadda ya yi min

IL-21 furotin ne na garkuwar jiki da ake amfani da shi a ɗakin gwaji. Gaskiya da kwalbar ta iso na zata an yi min wayo, garin ciki maikurogiram 10 ne, ido ma baya ganinsa, sai ka juya ta a injin sentirifuj tukun kafin ka buɗe don ya taru a ƙasa. Na narkar da shi, na ƙara BSA (furotin jinin shanu da ke kare shi daga lalacewa) kashi 0.1 cikin ɗari, na rarraba a ƙananan bututu na sa a firiza, don daskarewa da narkewa akai-akai kashe shi take yi.

Aiki kam ya yi wallahi, da na haɗa shi da CD40L (wani furotin mai zaburar da ƙwayoyin garkuwar jiki), ƙwayoyin B ɗina (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da nake rainawa a ɗakin gwaji) cikin mako guda sun fara komawa ƙwayoyin filasma, wato masu samar da sinadaran yaƙi da cuta, suna zubo irin wanda ake kira IgG. Tsadar ce kawai ke ci min tuwo a ƙwarya.