Wata takwas ina kai ɗana sashen koyar da ayyukan yau da kullum: abin da na gani

Tun yana wata bakwai na lura ɗana ba ya miƙa hannun dama. Komai aka ba shi da hagu yake karɓa, na daman kuwa a dunƙule, babban yatsa a cikin tafi. Mutanen gida suka ce bahago ne, gado ne daga dangin uba. Sai da ya shekara biyu likitan yara ya gaya mana cewa doguwar naƙudar da na yi ta taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa ɓarin dama ya yi rauni. Ya ce yaro ya fifita hannu ɗaya tun bai cika shekara ba alama ce da ya kamata a duba, ba baiwa ba ce. Na rubuta wannan ne saboda uwar da ake gaya wa irin abin da aka gaya mini.

Mun daɗe muna zuwa gashi, kuma ya yi amfani, don ƙafar ta saki har yana gudu. Da ya kai shekara 4 aka tura mu wani ɗaki daban a asibitin, wurin masu aikin da ake kira okupeshinal terafi. Na ɗauka gashi ne aka sake wa suna. Ba haka ba ne. Masu gashi sun fi kula da tsoka da gaɓoɓi da tafiya, su kuwa waɗannan tambayarsu ita ce me yaro ya kasa yi wa kansa daga tashinsa da safe zuwa kwanciyarsa. Ranar farko ma'aikaciyar ba ta taɓa shi ba sai can ƙarshe. Tabarma ta shimfiɗa, ta zuba kayan wasa, tana kallonsa tana tambayata: wa ke ba shi abinci, wa ke sa masa riga, yaya yake riƙe buta. Daga nan ta ce, "Maman yaro, wanne ya fi ci miki rai?" Na ce cin abinci da hagu.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san nauyin wannan. Da dama ake ci, da hagu ake tsarki, shi kuma hannu ɗaya gare shi mai aiki. Kakarsa, don ƙauna, takan ɗan buge hannun idan ya kai shi kwano, har ya fara ƙin cin abinci a cikin mutane. Ma'aikaciyar ta ce in zo da Hajiya. Ta gaishe ta da ladabi, ta ɗora hannun yaron a kan nata, ta ce, "Hajiya, taɓa nan ki ji. Ba ƙiwa yake yi ba, saƙo ne ba ya isa hannun yadda ya kamata." Tun ranar Hajiya ba ta sake buge shi ba, ita ce ma take zaunar da shi yin atisaye bayan la'asar. Ko wannan kaɗai aka yi mana, kuɗin adaidaita sahun da muka kashe bai tafi a banza ba.

Abin da ya fi burge ni, ba a sa mu sayen kayan wasa masu tsada ba. Da kayan gida muke aiki. Yana tsince wake daga cikin shinkafa, ina zaune kusa don kada ya kai baki. Yana murza kwaɓin fulawa ranar da nake cincin, yana matse soso a baho, yana yaga tsohuwar jarida, yana riƙe gora da dama ya murɗe murfin da hagu, domin hannayen biyu su koyi taimakon juna. Cokalinsa mun naɗe mariƙin da tsumma ya yi kauri, sai yatsun suka iya kamawa. An koya mini in zaunar da shi a 'yar kujera, tafin ƙafafunsa a ƙasa, don idan jiki bai zauna daram ba hannu ba ya samun natsuwa. Wajen sa riga, hannu mai rauni ake fara zurawa, wajen cirewa shi ne na ƙarshe. Shekara huɗu ina kokawa da riga ban san wannan ba.

Mafi wuya shi ne safar da ake sa wa hannun hagu na ɗan lokaci kullum, don a tilasta wa na dama aiki. Makon farko kuka ya yi ta yi, ni ma na yi. Da na koma na faɗa, aka rage lokacin, aka ce in riƙa yi lokacin wasan da ya fi so, kada ya zama horo.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ma'aikata biyu ne a ɗakin, layi kuwa tun bayan asuba, kuma sai bayan mako biyu ake sake ganinmu, zaman bai fi minti 30 ba. Na fahimci dalili: wuraren koyar da wannan aiki kaɗan ne a Najeriya, irin su makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas da jami'ar Ile-Ife, amma fahimta ba ta rage gajiyar uwa mai goyo a kan benci. Babu takardar bayani da Hausa ko ɗaya, sai na riƙa neman izini ina ɗaukar atisayen a waya. Abin ɗaure hannu da aka auna masa don dare ya yi masa kaɗan cikin 'yan watanni, sabo kuma wani kuɗin ne. Wata uwa da muke haɗuwa, daga ƙauye take zuwa, ta daina saboda kuɗin mota, kuma har yau abin yana raina.

Ba a taɓa yi mini alkawarin hannun zai koma kamar na hagu ba, kuma bai koma ba. Idan ya gaji har yanzu yana dunƙulewa. Amma yanzu yana kai lomar tuwo baki da dama, ko da rabi ya zube a tabarma, yana riƙe kofi da hannu biyu, yana cire rigarsa shi kaɗai. A makarantar allo da hagu yake rubutu, mun yi magana da malaminsa ya amince. Wannan watan maɓalli muke koya. Na ɗinka manya guda uku a jikin tsohuwar rigar babansa, jiya ya ɓalle na farko.