Kafin ka zaɓi bayanan hasken rana na tauraron ɗan'adam don binciken sauyin yanayi

Tauraron ɗan'adam ba ya auna hasken ranar da ya sauka a ƙasa. Abin da idonsa yake gani shi ne hasken da ya koma sama bayan ya bugi gajimare ko teku ko tudu, daga nan ne masana suke lissafa wanda ya ratso ya iso ƙasa. A matsakaici, kusan wat 340 ne ke isa saman sararin samaniya a kan kowane murabba'in mita, amma abin da ke kaiwa ƙasa bai fi rabi da 'yan kai ba. Saboda haka duk rumbun bayanan da za ka ɗauka ƙiyasi ne, kuma kowanne da inda ƙiyasinsa ke rauni.

Yawancin mutane da NASA POWER, rumbun bayanai na hukumar sararin samaniya ta Amurka, suke farawa, kuma ban ga laifinsu ba. Kyauta ne, ya game duniya, ka sa lambobin wuri ya ba ka jadawali nan take. Sai dai kowane gida na taswirarsa ta hasken rana digiri ɗaya ne, wajen kilomita 111 ke nan. Gari a gindin dutse da wani a bakin teku suna iya faɗawa gida guda su sami lamba iri ɗaya. Abin da ya fi damuna ma, an ɗinka tarihinsa ne daga tushe daban-daban, tsohon shirin NASA na lissafin haske mai suna SRB da kuma na'urorinta na auna haske da ake kira CERES. Mai neman sanin ko hasken yana ƙaruwa cikin shekaru talatin yana iya ganin tsalle a wurin ɗinkin ya ɗauka yanayi ne ya sauya.

Wannan shi ne ma'aunin da nake so mai neman bayanai ya riƙe. A binciken yanayi, tsayuwar ma'auni a kan hali ɗaya shekara da shekaru ta fi kyawun hoto daraja. Sauyin da ake nema ƙanƙane ne, 'yan wat kaɗan a shekaru goma, alhali na'urar da ke kan tauraro tana tsufa, a sauya ta da wata. Don haka idan aikina na duniya baki ɗaya ne, rumbun CERES EBAF nake ɗauka. Na'urorinsa sun tashi a kan tauraron Terra a 1999 da tauraron Aqua a 2002, bayanan sun fara daga Maris 2000, kuma tun asali don yanayi aka tsara su. Aibinsa a fili yake: digiri ɗaya, wata-wata, tarihi gajere. Wanda ke buƙatar komawa baya sosai sai ya duba CLARA-A3 na cibiyar CM SAF ta EUMETSAT, hukumar taurarin yanayi ta Turai, wanda ya faro daga 1979 da gidaje masu rubu'in digiri, ko da yake taurarin da ya dogara da su sau kaɗan suke ratsa wuri a yini.

SARAH-3 kuwa, shi ma na CM SAF, abin sha'awa ne. Daga taurarin Meteosat yake, waɗanda ke tsaye a kusan kilomita 36,000 a saman layin ikweta da ya raba duniya biyu suna kallon gefe ɗaya dare da rana. Tun 1983, duk rabin sa'a, gidaje na kusan kilomita biyar. Ka buɗe bayanan yini guda za ka ga hadari ya taso da la'asar, layin haske ya rufto ƙasa, ya sake ɗagowa kafin faɗuwar rana. Amma Afirka da Turai da kewayensu kawai yake gani, kuma ƙurar da hayaƙin da ke cikin lissafinsa matsakaicin da aka saba ne, ba na kowace rana ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dusashewar hasken da aka auna a wurare da yawa daga shekarun 1950 zuwa na 1980, da washewar da ta biyo baya a Turai, suna da alaƙa sosai da hayaƙin masana'antu. Mai bin wannan tambaya ya duba CAMS, hidimar Turai ta sa ido kan iska, wadda ke sa ƙura mai sauyawa a lissafi, sai dai daga 2004 ta fara.

Rumbun ERA5 na ECMWF, cibiyar hasashen yanayi ta Turai, yana jan hankali don ya koma har 1940, sa'a-sa'a. Gajimarensa na lissafin kwamfuta ne, kuma an san shi da ba da haske fiye da kima a ranakun da gari ya lulluɓe. Na yankin Amurka akwai rumbun NSRDB, daga 1998.

Masu sayarwa irin su Solargis da Solcast aikinsu na da kyau, amma don masu gina tashar lantarki ta hasken rana aka yi shi, waɗanda banki ke neman hujja a hannunsu. Ɗalibin yanayi da wuya ya buƙaci kashe kuɗin nan.

Duk wanda ka zaɓa, kada ka rubuta komai kafin ka gwada shi da ma'aunin ƙasa. Tashoshin BSRN, masu auna haske daga ƙasa a sassan duniya, suna aiki tun 1992, kuma bayanansu kyauta ne ga masu bincike. Ka ɗauki tasha mai yanayi irin na yankin aikinka, ka jera lambobin biyu wata-wata. Ka fi sa ido a watannin dusar ƙanƙara, inda tauraro ke ɗaukar farar ƙasa a matsayin gajimare, da kuma kan farin yashin hamada lokacin da ƙura ta tashi.