Yadi, Ɗinki Ko Ƙyalli: Me Mace Mai Shekara Arba'in Zuwa Sittin Za Ta Fara Dubawa a Kayan Biki?

Rigar da aka gwada a gaban madubi minti biyar ake yi da ita a jiki, a tsaye, ciki a ɗame, kafaɗa a miƙe. Ranar biki kuwa sai ta yi awa shida ko bakwai a jikin mai ita, ana zama ana tashi, ana sunkuyawa a gaisa, ana ɗaukar yaro, a cikin ɗakin da jama'a suka cika har iska ta yi nauyi. Yawancin nadamar da mata suke yi a kan kayan biki daga wannan tazara take fitowa, kuma tazarar tana ƙara faɗi da zarar mace ta haura arba'in, domin jikin da za a tufatar ya soma sauya hali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata suna daina ganin al'ada ne tsakanin shekara 45 da 55, kuma sauye-sauyen kan fara shekaru kafin a kai nan. Idan istirojin, wato sinadarin da yake tafiyar da al'adar mace, ya ragu a jiki, mata da yawa sukan fuskanci wani zafi mai tasowa farat ɗaya daga ƙirji zuwa wuya da fuska, ya yi 'yan mintoci tare da gumi, sannan ya lafa ya bar mace da jin sanyi. Kitse kuma yakan rage zama a cinya da kwatangwalo ya koma ciki, ta yadda mace za ta ga nauyinta bai ƙaru sosai ba amma siket ɗin bara ya ƙi rufuwa. Fata ma tana ƙara bushewa, abin da da can ba ya damunta ya soma sa ta ƙaiƙayi. Saboda waɗannan dalilai nake ganin mai saye ta fara da yadi, ta bi da ɗinki, ta bar ƙyalli a ƙarshe, ko da yake ido da ƙyallin yake farawa.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne cewa satin, shifon, leshi, shadda da karammiski duk sunayen saƙa ne ko salon aiki, ba su faɗin irin zaren da aka yi amfani da shi. Ana samun satin na siliki, ana samun na foliyesta, kuma a rataye a kanti suna iya kama da juna ƙwarai, alhali a jiki bambancinsu kamar na rana da dare ne. Auduga tana iya shan danshin da ya kai kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta, siliki kusan kashi 11, biskos, wato zaren da ake sarrafawa daga itace, ya ɗan fi haka, foliyesta kuwa bai kai ko kashi 1 ba. Ma'anar wannan ita ce gumin da ya fito a ƙarƙashin foliyesta ba ya samun wurin zuwa, sai ya zauna tsakanin fata da riga, kuma zaren yana riƙe maiƙon jiki har wari ya kama shi bayan an sa sau biyu ko uku.

Ba zan yi wa foliyesta rashin adalci ba. Tun da wasu masana kimiyya biyu, John Whinfield da James Dickson, suka yi rajistarsa a Ingila a 1941, ya zama zaren da ya fi kowane yawa a tufafin duniya, kuma da dalili: ba ya yamutsewa, launinsa ba ya saurin koɗewa, yana jure wanki, ba shi da tsada. Macen da zafin jiki bai dame ta ba, wadda kuma za ta yi doguwar tafiya da rigar a cikin akwati, za ta iya zaɓarsa da kwanciyar hankali, musamman idan saƙar sako-sako ce kuma ɗinkin yana da yalwa. Wadda gumi yake tsinko mata ba sallama kuwa, gara ta nisanta shi daga fatarta, ta bar shi a rigar sama da za a iya tuɓewa.

Siliki shi ne wanda ya fi haɗa kyau da sauƙi a jiki, yana da sanyi idan ana zafi, yana riƙe ɗumi idan ana sanyi, amma yana da shagwaɓa. Ɗigon ruwa yana barin masa tabo, gumi yana sauya masa launi a hammata, turaren da aka fesa kai tsaye a kansa yana iya ɓata shi, don haka sai a fesa turare a jiki a bari ya bushe kafin a sa rigar. Biskos yana zuba a jiki kusan kamar siliki a kuɗin da bai kai nasa ba, sai dai yana rauni idan ya jiƙe kuma yakan tsuke a wanki. Ɗan'uwansa liyosel, wanda kamfanin Lenzing na Ostiriya yake sayarwa da sunan Tencel, ya fi shi ƙarfi a ruwa, kuma a ganina shi ne zaɓin da ya fi dacewa da macen da take son laushi da zubi ba tare da ɗawainiyar siliki ba. Auduga mai kyau, musamman shadda mai saƙa ta asali, tana tsayuwa da kanta, ba ta manne wa jiki, kuma wannan tsayuwar alheri ce ga wadda ba ta son riga ta bi mata kowane lungu. Lilin ya fi kowa sanyi, ya kuma fi kowa yamutsewa. Wadda za ta zauna awa biyu a mota kafin ta isa wurin taro ta san da haka tun kafin ta biya kuɗi.

Karammiski na taron dare ne a lokacin sanyi. Yana da nauyi da ɗumi, gashinsa yana kwanciya a wurin zama ya bar sawu, kuma dutsen guga yana kashe shi nan take, sai dai a yi masa tururi ta baya.

Akwai wani wuri da mata da yawa suke asarar kuɗinsu ba su sani ba, wato shafin riga. Sai a sayi leshin auduga mai tsada, ko siliki na gaske, sannan a yi masa shafi da foliyesta mafi araha, alhali shafin ne yake taɓa fata tun safe har dare. Duk amfanin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi ke nan. Idan ɗinkakkiyar riga ce, a juya cikinta a karanta 'yar takardar da ke jikin ɗinkin gefe, domin a kan rubuta zaren waje daban, na shafi daban. Idan kuma yadi ne da ba shi da takarda, ana iya zare ɗan zare kaɗan a ƙona shi a kan faranti cikin kula: auduga da biskos suna warin ƙonannen takarda su bar toka mai laushi, siliki yana warin ƙonannen gashi ya bar ɗan dunƙulen da yake murƙushewa da yatsa, foliyesta kuwa narkewa yake yi ya daskare ya zama ƙwallo mai tauri.

Bayan yadi sai siffar kayan, kuma a nan zaɓin yana tsakanin doguwar riga guda ɗaya, da riga da siket ko wando, da kuma kaya mai hawa biyu, wato sassauƙar riga a ciki da rigar sama mai buɗaɗɗen gaba. Doguwar riga tana ba da tsayi domin ido yana sauka daga kafaɗa zuwa ƙasa ba tare da ya tsaya ba, kuma ba ta da ƙugun da zai matse bayan an ci abinci. Illarta ita ce awo ɗaya take da shi, alhali mata da yawa a wannan shekarun samansu da ƙasansu ba lamba ɗaya suke sawa ba. Riga da siket suna warware wannan matsalar, kuma kowannensu zai sake amfani da wasu kayan bayan biki, amma sai an lura da inda suka haɗu, domin idan bakin rigar ya tsaya daidai wurin da jiki ya fi faɗi, to can ido zai fara sauka. Ni dai kaya mai hawa biyu na fi ba wa ƙarfi ga macen da zafi yake taso mata. Tana iya cire na sama idan abin ya motsa, ta mayar idan sanyi ya biyo baya, kuma layuka biyun da buɗaɗɗen gaba yake yi daga wuya zuwa ƙasa suna ƙara mata tsayi ba tare da an matse komai ba.

A kan yanka kuwa, salon da yake kama kafaɗa da ƙirji sannan ya buɗe a hankali zuwa ƙasa, wanda mai tsara tufafi Christian Dior ya fito da sunansa a 1955 bisa siffar harafin A, yana yi wa yawancin jikuna kyau. Rigar naɗe, wadda mai tsara tufafi Diane von Furstenberg ta shahara da ita tun 1974, tana da igiya a ƙugu da za a iya sassautawa ko ƙara ɗaurewa, abin da yake da amfani ga wadda cikinta yake kumbura da yamma, sai dai wuyanta yakan buɗe idan an sunkuya, don haka tana bukatar ƙaramin maɓalli a ɓoye. Akwai kuma yankan karkace, inda ake yanka yadi a kusurwar digiri 45 maimakon a bi tsawonsa, dabarar da Madeleine Vionnet ta ƙware a kanta a Faris a shekarun 1920. Wannan yankan yana sa yadi ya zuba kamar ruwa, amma yana bin jiki sawu da ƙafa, kuma idan aka haɗa shi da satin mai sheƙi, ko layin kayan ciki ba ya ɓoyewa. Wadda take son sa ta nemi yadi mai ɗan kauri marar walƙiya.

Mata da yawa idan jiki ya sauya sukan gudu zuwa riga mai faɗi sosai, suna ganin ita ce mafita. A gaskiya riga mai faɗi ta ko'ina tana ƙara wa mace girma. Abin da ake so shi ne wuri ɗaya ya zauna daram, mafi yawa kafaɗa, sauran ya samu yalwa. Shi ya sa idan ana gwada ɗinkakkun kaya ake fara duba kafaɗa, domin rage ƙugu ko tsawo aiki ne mai sauƙi a wurin tela, gyaran kafaɗa kuwa kusan sake ɗinki ne. A sayi lambar da ta shiga wurin da ya fi faɗi a jiki, a rage sauran, kuma kada lambar da ke jikin takarda ta tayar wa kowa hankali, tun da kamfanoni ba awo ɗaya suke bi ba. Ramin hannu ma abin dubawa ne: idan ya yi zurfi da yawa, duk rigar ce take ɗagawa idan aka ɗaga hannu. Ɗan zaren roba, kamar kashi 2 zuwa 5 cikin 100, yana ba riga damar bin motsi ba tare da ta zama matsattsiya ba.

Tsakanin ɗinkakkun kaya da kai wa tela, tela ya fi ga macen da awonta bai dace da lambobin kanti ba, muddin an kai aikin da wuri, domin gab da biki hannunsa cike yake kuma gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido. A yi sabon awo, kada a ce ya yi amfani da na bara, a kuma auna ƙugu a tsaye da zaune. A je gwaji da rigar nono da takalmin da za a sa ranar. Rarar da aka saba bari a cikin ɗinki santimita 1.5 ce, amma yana da kyau a roƙe shi ya bar fiye da haka a gefe domin a iya buɗewa nan gaba. Yadin auduga kuma a jiƙa shi ya gama tsukewarsa kafin almakashi ya taɓa shi. Mai saye ta intanet ta karanta sharuɗɗan mayar da kaya kafin ta biya, ta kuma dogara da awon santimita maimakon hoton wadda ta sa rigar.

Ƙyalli yana jan ido zuwa duk inda aka sa shi, saboda haka a sa shi inda ake so a kalla: wuya, bakin hannu, ko gefen rigar sama. Duwatsu da 'yan ƙyale-ƙyalen da suka kai hammata suna goge fata har ta yi ja, waɗanda suke wurin zama kuma suna zuba ko su kama kujera. Na ɗinki sun fi na liƙi daɗewa, kuma ana gane su da an juya cikin yadin an ga zare. Launi kuwa a kara shi a fuska a hasken rana, domin fitilar kanti tana yaudara. Ruwan toka da shuɗi mai haske su ne suka fi tona gumi, yayin da launi mai duhu sosai da yadi mai zane suke rufa asiri.

Ƙafa ma tana ƙara faɗi da shekaru, kuma kitsen da yake tafinta yana raguwa, shi ya sa takalmi mai tsini da aka saba yini da shi a da yake gagara yanzu. Dunduniya mai faɗi ta santimita 3 zuwa 5 tana ba da tsayi ba tare da ta jibge nauyi a kan yatsu ba. A gwada takalmi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a kuma taka shi a gida na 'yan kwanaki kafin ranar. Tsawon riga da shi za a auna, kuma ya fi kyau bakinta ya tsaya a ƙasan gwiwa ko a idon sawu maimakon tsakiyar sha-raɓa.

Idan kayan sun iso gida, kafin a cire takardar kanti, a sa su gaba ɗaya a yi rabin awa da su: a zauna a kujera mai zurfi, a ɗaga hannu biyu sama, a sunkuya kamar za a ɗauki abu a ƙasa, a gwada zuge zif ɗin ba tare da taimakon kowa ba. Gugar kuma a yi ta kwana ɗaya kafin biki, a bi alamar da ke jikin takardar: ɗigo ɗaya a cikin hoton dutsen guga yana nufin zafin da bai wuce digiri 110 ba, biyu 150, uku 200, kuma siliki da duk wani yadi mai sheƙi ta baya ake goge su, da ƙyalle mai tsabta a tsakani.