Fitilun da na yi oda don gidan Kakanmu, da abin da wayarsu ta yi mini ranar Sallah

Wata biyu ke nan da ƙaramar Sallah, amma har yau in na tuna tsayuwar da na yi a tsakiyar falo, Umma na zaune ta zuba ido tana jira, ni kuma ina ta danna salula abu ya ƙi kamawa, sai in ji ɓacin ran ya dawo sabo fil. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko wani mai haɗa bulon wasa irina zai san abin da zai tarar kafin ya tura kuɗinsa.

Saitin dai 'yan harka sun san shi. Ƙwayayen LED guda 50 samfurin WS2812B, ƙanana kamar ƙwayar dawa, an jera su a siririyar waya kamar carbi, sai ɗan allon ESP32 mai sarrafa fitilun, da aka riga aka ɗora wa manhajar WLED, da igiyar USB. Daga China na yi oda ta hannun masu kawo kaya, sati biyar ya yi kafin ya iso Kaduna. Kuɗin kuwa ba sai na faɗa ba, kowa ya san inda dala ta kai. Hoton talla ne ya ja ni. An nuna wayar ta ratsa tsakanin bulo biyu an danne su ƙam, a ƙasa an rubuta wai ba ta tsinkewa. A kan wannan hoton na ɗora duk lissafina.

Shekara shida nake tara bulo. Yawanci gwanjo ne daga Kasuwar Barci, a buhu ake zazzago su haɗe da motocin roba da 'yan tsana, ka tsuguna ka tsince naka. In wanke da omo, in shanya a inuwa, in ware kala-kala a robobin fenti. Akwai LEGO na asali na ƙasar Denmark a ciki, akwai na kwaikwayo, kuma hannu yakan gane bambancin tun kafin ido ya karanta sunan da ke kan haƙorin, wato ɗan tudun nan na saman bulo. Na asalin tun 1958 ma'auninsu ɗaya ne, milimita 8 daga haƙori zuwa haƙori, falle uku, wato siraran bulo, su ba ka tsayin bulo ɗaya, in kuma suka kama juna ko kafar allura ba sa bari.

Gidan Kakanmu na Tudun Wada na gina da su, inda aka haifi Umma, wanda aka sayar bayan rabon gado, aka rushe aka yi shaguna. Kaka a masaƙa ya yi aiki a Kakuri, da guminsa ya gina gidan ɗaki bayan ɗaki. Hoto ɗaya tak muke da shi, na wata ranar suna, shi ma gefen zaure kawai ya kama. Sai na riƙa kiran Goggo a ɓoye ina tambaya: rijiya a hagu take ko a dama, ina madafi, ina turken awaki, darbejiyar a ciki take ko a ƙofar gida. Bulo mai ruwan ƙasa ya fi komai wahalar samu, wata huɗu ina bin 'yan gwanjo kafin ya ishe ni katanga. A kan faifai biyu masu haƙora 48 kowane gefe na kafa ginin, wato kowane faifai ya ɗan haura santimita 38.

A cikin azumi na zauna aikin fitilun, daga bayan asham zuwa sahur. Gaskiya daren farko sun burge ni ƙwarai. Kowace ƙwaya tana da ɗan ƙwaƙwalwarta a ciki, tana haɗa ja da kore da shuɗi, kowane launi mataki 256, don haka kana iya cewa ta tara ta yi ja kamar garwashi, ta goma da ke gefenta ta yi ruwan ɗorawa. Allon yana buɗe nasa wifi, ba ruwanka da data, ka shiga da salula ka raba fitilun kashi-kashi. Da fari na danna ja sai kore ya fito, ashe mai sayarwa ya bar jerin launin a RGB, wato ja a farko, alhali waɗannan ƙwayayen GRB suke karantawa, kore a farko. Minti biyu na gyara, ban ma riƙe shi a rai ba. Haske ya riƙa ratsa bangon ruwan ƙasar yana fitowa waje, na ninka cikin ɗakunan da baƙin falle, wannan matsalar ma ta wuce.

Abin da ya tafi da ni shi ne zaure. A cikin WLED akwai salon da ke kwaikwayon wutar kyandir, na rage masa gudu na ƙara masa ja kaɗan, wallahi sai ga aci-bal-bal sak, tana rawa tana lumshewa. Madafi na ba shi jan murhu. Ɗakin Kaka fitilar ƙwai, tsayayyen haske mai laushi. Ta baya na jera goma sha biyu su zama sararin sama, daga hasken la'asar su gangara magariba su shiga isha a cikin minti uku. Na kashe wutar ɗaki na zauna a ƙasa ina kallo har maman yara ta leƙo ta ce lokacin sahur na ƙurewa. Da a wannan daren na rubuta sharhin nan, tauraro biyar zan ba su ban yi shawara da kowa ba.

Daren jajibere na ɗora rufin zaure na danne shi, wayar na bi ta ƙarƙashi kamar yadda hoton ya nuna. Na gwada sau uku, komai lafiya. Da safe ni da ƙanena muka ɗauko ginin a kan katako daga ɗakina zuwa falo, taku bai fi goma sha biyar ba, a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Na rufe shi da zani.

Bayan an sauko Idi gida ya cika. Umma, Goggo, Kawu da ya zo daga Rigasa, ƙannena da matansu, yara ko'ina. Aka ci tuwo aka sha zoɓo, na ce a saki labule. Na yaye zanin. Goggo ta yi salati tun kafin a kunna komai, Umma kuwa shiru ta yi, ta gyara zama ta matso. Na danna. Fitila shida suka kama, ƙofar gida da rabin zaure. Sauran gidan duhu ƙirin. Na kashe na sake kunnawa, sai madafi ya yi wani irin walƙiya kore da fari ya mutu. Na cire igiya na mayar. Na canja fawa-bank. Kawu ya ce, “Ko wutar ce ba ta da ƙarfi, ɗana?” Na ce masa ba da wutar gida yake aiki ba, Kawu. Yara suka fara cewa Abba ya lalace, Abba ya lalace. Gumi ya jiƙa mini sabuwar shadda sharkaf. Na fi minti ashirin a durƙushe ina latsa rufi nan da can, in na taɓa wani wuri su yi ƙyaf su ɗauke.

Ni ɗan fari ne, Umma ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye a cikin mutane ba. Sai ta juya wajen maman yara ta ce, “Ki ce masa ya bari haka nan, ai na ga gidan. Allah ya yi albarka.” Wannan haƙurin da ta ba ni ya fi komai yi mini ciwo. Wata bakwai ina ɓoye mata aikin nan saboda minti ukun nan kawai.

Da dare, bayan kowa ya watse, na bi layin ina ƙirgawa. Tunda shida sun kama, matsalar tana tsakanin ta shida da ta bakwai. Haka irin waɗannan fitilun suke: saƙo ta waya ɗaya yake bi, kowace ƙwaya ta ɗauki nata ta miƙa wa ta gaba sauran, in ya yanke a wuri ɗaya duk na bayan sun mutu ko da lafiyarsu ƙalau. Ta bakwai kuwa tana can cikin bakan gizon zaure, wurin da ya ci mini dare huɗu kafin ya tsaya da kansa. Da hannuna na rushe shi. Ga wayar nan a matse tsakanin bulo biyu na asali, sun lanƙwasa ta sun kankare ta, ɗan motsin da muka yi daga ɗaki zuwa falo ya ƙarasa ta.

Na rubuta wa mai sayarwa a daren. Kwana uku kafin ya amsa, ya ce in turo bidiyo. Na tura. Ya ce in turo wani a cikin haske. Na tura. Ƙarshenta sai ya ce zai yi mini ragi in na sake sayen wani saitin. Haba! Jiya na duba, hoton nan na wayar da aka danne tsakanin bulo yana nan daram a shafinsa.

Wani yaro mai gyaran salula ne ya cece ni, kwana uku da Sallah da ya buɗe shago. Ya sa wayar a ƙarƙashin madubinsa ya ce, “Yallaɓai, ai wannan ba roba ce a jikinta ba, fenti ne kawai aka shafa wa jan ƙarfe.” Ya nuna mini wuri huɗu da fentin ya riga ya kankare, uku suna jiran ranarsu. Ya yanke ya haɗa da dalma, ya zura kowane haɗi a siririn tiyo ya ƙona ya kama. Ya sa mini resista mai om 330 a bakin layin saƙo, da kafasita babba a mashigar wuta, ya ce su ne ke kare ƙwayar farko in wuta ta shigo da ƙarfi. Abubuwan da ko kuɗin lemon kwalba ba su kai ba, amma ba a sa su a saitin ba. Ya kuma gargaɗe ni kada in kusantar da ayan ɗin dalma ga bulo, robar ABS ce, nan take take narkewa. Na dawo gida na sake bin layin gaba ɗaya, wannan karon ta cikin bulon Technic masu huji, inda babu huji kuma in bar mata hanya da falle mai santsi. Ko wuri ɗaya ban sake danne ta ba.

Juma'ar da ta biyo na ɗauko Umma da Goggo su biyu kawai, ban gaya wa kowa ba. Bayan magariba na kashe wuta na kunna. La'asar ta gangara, sama ta yi ja, murhu ya kama a madafi, sai aci-bal-bal ɗin zaure ta fara rawa. Umma ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa katanga. Ta ɗora yatsa a bakin zaure ta ce wa Goggo, “Nan Baba yake shimfiɗa buzu in ya dawo daga Kakuri. Haka wutar take yi in iska ta shigo ta ƙofa.” Goggo ta sa gefen mayafi a ido. Sau huɗu Umma ta sa aka maimaita. Daga baya ta ce rijiyar ta fi haka kusa da katanga, kuma akwai wani ɗan rumbu a bayan madafi da aka manta. A daren nan na yafe wa fitilun komai. Na ce a raina duk wanda ya ƙera abin da ya sa Umma ta yi maganar mahaifinta haka ya ci kuɗinsa halak.

To amma da na zauna rubutun nan sai sauran abubuwan suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya. In salon isha ya shigo, fitilu sun dusashe sosai, fawa-bank ɗina sai ya ɗauka ba abin da ke jan wuta ya kashe kansa, dole sai da cajar bango, ga shi kun san yadda wuta take a unguwanninmu. A mafi ƙarancin haske ruwan ɗorawa ba ya sauka sumul, tsalle yake yi mataki-mataki har ya koma ja. Ƙwayaye biyu farinsu ya karkata shuɗi tun daga kwali, na tura su bayan gida inda ba a gani. Sannan ESP32 bolt 3.3 yake turo saƙo da shi, su kuwa fitilun da ke kan bolt 5 sun fi son kamar 3.5, akwai ɗan aisi da ake sawa a tsakani ya ɗaga saƙon, shi ma babu shi a allon. Shi ya sa in waya ta yi tsawo kafin ƙwayar farko sai ka ga ƙyafta-ƙyafta ba dalili. Daga baya ma na gano akwai samfurin WS2813 mai layin saƙo biyu, wanda in ƙwaya ɗaya ta mutu saƙon ya tsallake ta ya wuce. Da shi na saya, ko da ya fi tsada, da wataƙila Umma ta ga sauran gidanta ranar Sallah.

Tauraro uku zan ba shi, kuma biyu daga ciki na WLED ne, manhajar da kyauta take ga kowa, ba wannan ɗan kasuwar ya rubuta ta ba. Mai niyyar saye ya tanadi bulo masu huji tun kafin kaya su iso, ya kai wa mai gyaran salula ya duba wayar, kuma kada ya yarda da hoton nan ko an rantse masa.

Shekaranjiya ƙwaya ta 31 ta fara ƙyaftawa. A madafi take, ƙarƙashin rufin kwano da na jera da falle mai ruwan toka sama da ɗari. Har yanzu ban iya sa hannu na ɗaga rufin ba, ga shi Goggo ta kira da safe ta ce ranar Asabar za ta kawo jikokinta daga Zariya su ga gidan da ta tashi a ciki.